Zaɓen Monita Mai Zango Uku Domin Akwatin Wasan Arked Na Gida

Akwatin wasan arked, wato injin nan mai tsawon mutum wanda ake jefa wa sulalla kafin ya ba da damar wasa, ya yi tashe a Japan da Amurka da ƙasashen Turai tun daga lokacin da kamfanin Taito ya fitar da Space Invaders a 1978 har zuwa farkon wannan ƙarni, sa'ad da na'urorin wasa na gida suka ƙwace masa kasuwa. A yau akwai masu sha'awa da ke sayen tsofaffin akwatunan su gyara, ko su sa kafinta ya haɗa musu sabo, domin su buga wasannin da kamar yadda aka tsara su tun asali. Katako da fenti da maɓallai da sandar sarrafawa duk ana samunsu cikin sauƙi, amma monita, wato allon da hoton ke fitowa a kansa, ita ce ta fi komai tsada da nauyi da wuyar samu, ita ce kuma ke nuna ko wasan zai fito da kamanninsa na gaskiya.

Ba a fahimtar monita mai zango da yawa sai an san yadda tsohon allo mai doro, irin na talabijin ɗin da, yake zana hoto. A cikin wuyan kwalbar allon akwai bindigogi uku masu harba ƙwayoyin lantarki, ɗaya ta ja, ɗaya ta kore, ɗaya ta shuɗi, a gindin wuyan kuma akwai naɗin waya da ke karkata harbin da ƙarfin maganaɗisu, yana jan shi daga hagu zuwa dama layi bayan layi tun daga saman gilashin har ƙasa, sannan ya koma sama ya sake farawa. Adadin layukan da allo ke ja a daƙiƙa guda shi ne saurin kwance, ana auna shi da kilohaz, adadin cikakkun hotuna a daƙiƙa kuma shi ne saurin tsaye, ana auna shi da haz. Allon da ke jan layi 262 a kowane hoto, yana kuma sabunta hoton sau 60 a daƙiƙa, yana jan layi 15,720 ke nan, wato kimanin kilohaz 15.7, wanda shi ne saurin tsohon tsarin talabijin na Amurka da Japan. Tsarin talabijin mai layi 625 da Nijeriya da Nijar suka yi aiki da shi yana jan layi 15,625 ne a daƙiƙa, kusa ƙwarai da wancan.

Masu ƙera wasannin arked sun yi aiki da zango uku na wannan sauri, kuma kamar yadda rediyon da ke kama matsakaicin zango kaɗai ba ya jin tashar da ke kan gajeren zango, haka monitar da aka ƙera domin sauri ɗaya ba ta nuna hoton da ya zo da wani saurin. Zango na farko, na kilohaz 15, a nan mafi yawan wasannin suke: Pac-Man na 1980, Street Fighter II na 1991 mai ɗigo 384 a kwance da layi 224, da dukan wasannin Neo Geo na kamfanin SNK irin su Metal Slug da The King of Fighters. Waɗannan wasanni suna zana layukansu a wuri ɗaya a kowane hoto, ba sa cike tsakani kamar yadda shirin talabijin ke yi, shi ya sa ake ganin siraran layuka masu duhu a tsakanin na haske, kuma a kan irin wannan allo masu zanen suka zaɓi launukansu da inuwarsu. Zango na biyu, na kilohaz 24 zuwa 25, wasanninsa ba su da yawa amma akwai manya a cikinsu, irin Paperboy na kamfanin Atari, da Virtua Fighter da Daytona USA na kamfanin Sega masu layi 384. Zango na uku, na kilohaz 31, shi ne ma'aunin VGA mai ɗigo 640 da layi 480 wanda kamfanin IBM ya fito da shi a 1987, ya kuma bazu a gidajen wasa bayan fitowar na'urar NAOMI ta Sega a 1998, wadda aka yi Crazy Taxi da Virtua Tennis a kanta.

Monita mai zango da yawa ita ce wadda fanel ɗinta, wato farantin kayan lantarkin da ke tuƙa kwalbar, zai iya daidaita kansa da sauri fiye da ɗaya. Kamfanin NEC na Japan ne ya yi suna da wannan fasaha a duniyar kwamfuta da monitarsa mai suna MultiSync ta 1985. A gidajen wasa kuwa buƙatar ta taso ne daga masu kasuwancin, domin mai gidan wasa a Tokyo ko Osaka yana so ya cire farantin wasan da ya tsufa ya sa sabo a akwati ɗaya ba tare da ya sayi wani allon ba. Kamfanin Nanao, wanda a yau ake kira Eizo, ya ƙera MS9-29 mai zango biyu, 15 da 24, wadda aka sa a akwatunan New Astro City na Sega da Egret II na Taito, ya kuma ƙera MS-2930 da MS-2931 masu zango uku domin akwatin Blast City da ya fito a 1996. A Amurka kamfanin Wells-Gardner na jihar Illinois ya yi D9200 da 'yan uwanta. Masana'antun kwalba sun daɗe da rufewa, kamfanin Sony ma ya daina ƙera Trinitron tun 2008, saboda haka duk monitar da za a samu yau ta hannu ce, ko kuma ta yi shekaru a ajiye.

Tambayar da ta kamata mai saye ya fara amsawa, tun kafin ya shiga cigiya, ita ce waɗanne wasanni za a riƙa bugawa a akwatin. Mutane da yawa sukan ɗauka cewa mai zango uku ta fi mai zango ɗaya ta kowace fuska, tunda tana yin abin da waccan ke yi har da ƙari, amma wannan zato bai tsaya daidai ba. Wanda zuciyarsa ke kan wasannin faɗa na Capcom da SNK, ko wasannin harbin jiragen sama na shekarun 1980 da 1990, duk abin da yake so yana cikin zango 15, kuma lafiyayyar monita mai zango ɗaya, irin K7000 ta Wells-Gardner ko MTC 9000 ta kamfanin Hantarex na Italiya, za ta ba shi hoton da aka tsara wasan a kansa, da kuɗi kaɗan da sauƙin gyara. Mai zango uku tana cancantar kuɗinta ne ga wanda yake so ya haɗa Street Fighter II da Virtua Fighter 2 da Virtua Tennis a akwati ɗaya. Akwai ma wasannin da babu ɗaya daga zangunan uku da ke ɗaukar su, irin Asteroids na 1979, wanda ke zana siffofinsa kai tsaye daga kusurwa zuwa kusurwa, yana kuma buƙatar allo na musamman.

Dalilin da ya sa ƙarin zango ke zuwa da nasa nauyi yana cikin yadda fanel ke aiki. Sashen da ke jan harbi daga hagu zuwa dama ya fi kowane sashe shan wahala, domin a nan ne wuta mai ƙarfi da zafi suke taruwa, kuma an auna kayansa ne daidai da sauri guda. Idan ana so ya yi aiki a sauri uku, tilas a ƙara masa hanyoyin shigar da wasu kayan da fitar da wasu, a kuma sauya ƙarfin wutar da ke ciyar da shi duk lokacin da zango ya sauya, wanda shi ne ƙaran nan na ƙas da ake ji daga cikin akwatin yayin da hoton ya ɗauke ya dawo. Kowane ƙarin sashe wuri ne da zai iya lalacewa, lokacin sauyin kuma shi ne lokacin da babbar taranzistar sashen ta fi fuskantar haɗari. Bayan haka akwai kamannin hoto: domin ta iya nuna layi 480 a fili, monita mai zango uku takan zo da harbi siriri, saboda haka idan aka ba ta wasa mai layi 224 layukan duhun sukan fito da kauri fiye da yadda suke a allon asali. Wasu suna son wannan kaifi, wasu suna ganin ya raba hoton da laushin da aka san shi da shi, kuma mutum ba zai san ɓangaren da yake ba sai ya tsaya gaban allon ya gani da idonsa.

Duk da haka mai zango uku tana da wani amfani babba ga mai niyyar sa kwamfuta a cikin akwati maimakon farantin asali. Yawancin akwatunan gida suna aiki ne da MAME, manhajar da ɗan Italiya Nicola Salmoria ya fara a 1997 domin adana tsofaffin wasanni ta hanyar kwaikwayon na'urorinsu. Kwamfuta idan aka kunna ta, kafin ta loda manhajar da za ta saukar da saurinta, takan fitar da hoto a kilohaz 31 ko sama, kuma waɗannan 'yan daƙiƙoƙi suna iya ƙona taranzistar monita mai zango 15. Masu irin wannan monita sukan kare ta da 'yar na'ura kamar J-PAC ta kamfanin Ultimarc, ko su jinkirta kunna allon har kwamfutar ta gama tashi, mai zango uku kuwa ba ta da wannan damuwa muddin kwamfutar ba ta haura layi 480 ba. Sai dai sayen monitar kaɗai bai isa ba, domin katin hoton kwamfuta ba ya fitar da kilohaz 15 da kansa. Ana buƙatar direba ta musamman irin CRT Emudriver mai aiki da katunan AMD, tare da GroovyMAME, wadda ke zaɓar wa kowane wasa ainihin layukansa da saurinsa. Wanda ya sayi monita mai tsada ya bar kwamfuta tana tura mata komai a zango 31 ya biya kuɗin zango uku ne yana cin moriyar ɗaya.

Saurin tsaye ma yana da nasa muhimmanci, ko da yake masu sayarwa ba sa yawan ambatonsa. Ana cewa wasannin arked suna gudu a haz 60, amma Pac-Man ya ɗan haura haka, Neo Geo yana kusa da 59, R-Type na kamfanin Irem yana kan 55, Mortal Kombat na 1992 kuma bai ma kai 55 ba. Tunda gudun wasan a ɗaure yake da sabunta hoto, allon da ya tilasta wa kowa haz 60 zai sa wasan ya yi sauri, ko hoton ya riƙa tuntuɓe idan fage yana tafiya, saboda haka ana son monitar da ke riƙe hoto ba tare da birgima ba daga kimanin haz 50 zuwa sama da 60.

Wajen sauya zango, monitoci masu zango da yawa sun kasu kashi biyu. Akwai waɗanda sai an kashe wuta an matsar da soket ko makunni da hannu, kamar MS9-29 da MS-2930, akwai kuma masu gane saurin da kansu, kamar MS-2931 da D9200, waɗanda ke da ƙaramar ƙwaƙwalwa mai ajiye faɗi da tsawo da matsayin hoto na kowane zango daban. Ga mai faranti na asali da ke sauya wasa jefi-jefi, ta hannu ta wadatar, ta kuma fi sauƙin gyara, domin yawancin abin da ke cikinta kayan da mai gyaran talabijin ya saba da su ne. Mai kwamfuta da ke tsallakawa daga wasa zuwa wasa a zama ɗaya kuwa sai mai sauyawa da kanta, tare da sanin cewa idan guntun da ke sarrafa ta ya mutu, samun madadinsa yana da wuya ƙwarai.

Bayan an tsai da shawara a kan zango sai babban aiki, wato duba kwalbar, kuma a nan ne ya kamata a fi daɗewa, domin fanel ana gyara shi ko a sauya shi, kwalba kuwa idan ta gaji ta gaji ke nan. Ana fara dubawa ne allon yana kashe, a haska gilashin da tocila daga gefe. Monitar da ta yi shekaru a gidan wasa tana kunne daga safe har dare takan riƙe tabon abin da ya daɗe a wuri ɗaya, sai a ga inuwar lambobin maki a sama, ko sandunan ƙarfin 'yan faɗa, ko rubutun da ke neman a jefa sulalla, sun zauna a cikin gilashin da launin ƙasa-ƙasa. Wannan ƙuna ce a jikin sinadarin hasken da aka shafe cikin gilashin da shi, ba ta gogewa. Mara ƙarfi takan ɓace a cikin wasa mai launuka da yawa, ana iya haƙuri da ita idan farashi ya sauka, amma wadda ake hangowa daga nesa za ta bayyana a kan kowane farin fage. A shafa yatsa a kan gilashin domin jin ƙarzuwa, sannan a leƙa baya a duba wuyan kwalbar, wanda shi ne mafi rauni a jikinta; tsaga a wuya, ko tabo a tsakiyar allo inda sinadarin ya share, alama ce cewa iska ta shiga, kuma kwalbar da iska ta shiga ta mutu.

Daga nan sai a kunna, a lura da yadda hoto ke fitowa. Lafiyayyar kwalba takan kawo shi cikin 'yan daƙiƙoƙi da launuka daidai, gajiyayya kuwa takan fara da duhu, ko launi ɗaya ya rinjaya na tsawon mintuna kafin sauran su biyo. A bar ta kamar rabin awa, domin wasu matsalolin ba sa fitowa sai kayan sun ɗumama, sannan a sa hoton gwaji. Yawancin farantan arked suna da shafin gwaji mai raga ta fararen layuka da sandunan launi, akwai kuma manhaja kyauta mai suna 240p Test Suite da ke yin wannan aiki. A kan ragar ana duba ko layukan sun miƙe ko sun lanƙwashe a gefe, ko farin layi ya tsaya fari ko ya rabu zuwa ja da shuɗi, da ko ɗigon tsakiya da na gefe duk sun fito da kaifi. Ɗan rabuwar launi a can kusurwa abu ne da kusan kowace babbar kwalba ke da shi, bai kamata ya hana ciniki ba. Abin da ya kamata ya hana shi ne launi, musamman ja, da ke zubowa dama yana barin jela a bayan haruffa idan aka ƙara haske, domin sau da yawa wannan alamar bindiga ce da ƙarfinta ya ƙare. Haka kuma baƙi ya kamata ya zama baƙi. Idan fage mai duhu ya koma toka-toka, siraran layuka a karkace suna ratsa shi, to an murɗa maɓallin da ke jikin filaibak, wato taransifomar da ke samar da babbar wutar kwalba, fiye da kima, kuma ana iya yin haka domin a ɓoye gajiyar kwalba. Duk wannan gwaji sai an maimaita shi a kowane zango, domin monita tana iya yin kyau a 31 ta karkace a 15, kuma mai sayarwar da ya nuna zango ɗaya kawai bai nuna abin da ake biyan kuɗinsa ba.

Fanel kuma ana duba shi da ido da kunne da hanci. Kafasitoci, masu siffar ƙananan gwangwanaye, suna bushewa da shekaru da zafi, kuma wadda kanta ya kumbura ko ta zubo da ruwa a gindinta ta gama aiki. Alamunsu a hoto su ne lanƙwasa a gefe da naɗewar hoto a sama. Sauya su aiki ne da ƙwararren mai gyara ya saba da shi, don haka wannan aibi bai isa ya kashe ciniki ba. Abin tsoro shi ne filaibak mai tsaga, wanda ke yin tsaki ko tartsatsi yana fitar da wari mai kaifi, domin kowane fanel da irin nasa, kuma na wasu masu zango uku ya yi ƙaranci. Yana da kyau a tabbatar ana samun taswirar wayoyin fanel ɗin, domin ba a bin sawun matsala a fanel mai sarƙaƙiya irin wannan da ka. Sababbin shiga sukan sayi fanel daban da kwalba daban da zaton za su haɗu, alhali naɗin wayar da ke wuyan kwalba yana da ma'auninsa, kuma idan ya saɓa da na fanel hoton zai matse ko ya baje, ko fanel ɗin ya ƙone. Abin da ya fi aminci shi ne a sayi kwalba da naɗinta da fanel ɗinta a haɗe, suna aiki tare a gaban mai saye.

Siginar da ke shiga ma iri biyu ce. Ma'aunin JAMMA, wanda ƙungiyar masu ƙera injunan wasa ta Japan ta kafa a tsakiyar shekarun 1980, ya haɗa wuta da maɓallai da sauti da hoto a soket ɗaya mai haƙora 56, kuma ƙarfin launukan da yake aikawa yakan kai bolt 2 zuwa 5, alhali kwamfuta tana fitar da bolt 0.7 ne kawai. Kwamfutar da aka haɗa kai tsaye da mashigar arked za ta ba da hoto mai duhu, farantin arked da aka haɗa da mashigar kwamfuta ba tare da rage ƙarfi ba kuma yana iya yin ɓarna. Masu zango uku da yawa suna da mashiga biyu ko makunnin zaɓa tsakaninsu, kuma ya kamata a tabbatar da haka kafin saye.

Yawancin akwatunan Amurka na farkon shekarun 1980 an yi su ne domin allo mai inci 19, na shekarun 1990 domin inci 25, akwatunan zama na Japan kuma domin inci 29, wanda Amurkawa ke kira 27 saboda su abin da ido ke gani suke aunawa, Japanawa kuma kwalbar gaba ɗaya. Babbar monita irin wannan tana kai wa kimanin kilo 40, don haka sai an auna faɗi da zurfin akwatin da ƙarfin katakonsa. Wasanni irin Pac-Man da Galaga an yi su ne domin allon da aka tsayar a tsaye, kuma akwatin Egret II ya yi suna saboda na'urar da ke sauƙaƙa juya allonsa. Wanda ba zai iya juyawa ba yana da sauƙi a wurin mai zango uku, domin layi 288 na Pac-Man ba sa shiga zango 15 a allon kwance da saurinsu na asali, amma suna shiga zango 24 ba tare da matsi ba.

Idan ainihin monitar arked ta gagara, akwai mafita da ta fi kusa da mai karatu a Nijeriya da Nijar. Faransa ta wajabta soket ɗin SCART mai haƙora 21 a talabijin a 1980, ya kuma bazu a Turai, saboda haka tsofaffin talabijin masu doro da suka shigo kasuwannin kayan hannu daga can da yawa suna karɓar ja da kore da shuɗi kai tsaye a zango 15, suna kuma aiki da wutar gida ba tare da wani ƙari ba. Tsohuwar monitar kwamfuta mai doro tana ɗaukar zango 31 da kyau, ko da yake ƙarama ce. Allo marar doro na zamani ya dace da wasannin da aka yi dominsa, irin Street Fighter IV na 2008 a akwatin Vewlix na Taito, amma ga tsofaffin wasanni yana buƙatar na'urar ninka layi kamar OSSC, yana iya kawo jinkiri tsakanin danna maɓalli da motsin hoto, kuma tsofaffin bindigogin wasa masu karanta hasken kwalba ba sa aiki da shi.

Batun wuta ba a yi masa sakaci, domin ya shafi rai. Monitocin Japan an yi su ne domin bolt 100, na Amurka domin 120, alhali wutar gida a Nijeriya da Nijar da Gana tana tsakanin 220 da 240, saboda haka sai da taransifomar rage wuta, da sitabilaiza a inda wutar ke hawa da sauka ko ake komawa kan janareta. Tsofaffin fanel da yawa ba su da shamaki tsakanin wutar gari da ƙarfen jikinsu, suna buƙatar taransifoma mai raba su da layi gaba ɗaya, kuma ba kowace taransifomar rage wuta ce ke yin wannan rabuwa ba. A ƙarƙashin robar nan mai zagaye da ke manne a bayan kwalbar akwai wutar da ta kai bolt 25,000 ko fiye a babbar monita, kwalbar kuma tana iya riƙe caji bayan an zare soket, don haka sauke wannan wuta da taɓa fanel aikin mai gyara ne da ya san talabijin mai doro. Ana ɗaukar monita ne ta ƙarfen firam ɗinta, gilashin yana fuskantar ƙirjin mai ɗauka, ba a kuma taɓa riƙe ta ta wuya.

A cikin akwati monita tana buƙatar ƙofofin iska a ƙasa da sama tare da 'yar fanka, musamman a lokacin bazara, da kuma raga a bakin ƙofofin saboda ƙurar hunturu, wadda babbar wutar kwalba ke jawowa ta taru a kan filaibak har ta buɗe wa tartsatsi hanya idan damina ta kawo laima. Lasifika mai maganaɗisu marar kariya ba a kusantar da ita da kwalba, domin tana ɓata launi. Idan aka juya akwatin ko allon sai wani gefe ya rine da launin da ba nasa ba, maganaɗisun ƙasa ne ya jawo haka, kuma naɗin wayar da ke kewaye da kwalbar yakan share shi a lokacin kunnawa. Sai dai a yawancin monitoci ba ya aiki sai yana da sanyi, saboda haka ana kashe allon a bar shi kamar minti 20 kafin a sake kunnawa.